Ƙananan bindigogi masu araha "ƙirar soja": abin da ya kamata ku sani

A shagunan sayar da bindiga na Amurka, ba abin mamaki ba ne ka tarar da ƙananan bindigogi biyu kwance kusa da juna a cikin gilashi, tsawonsu ɗaya, siffarsu ɗaya, harsashi iri ɗaya suke ci, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar. Mai tsadar, kamfanin Colt ne ya ƙera ta a Amurka, ana neman wajen dala 1,000. Mai arahar kuwa daga Turkiyya ko Filifins ta fito, ba ta kai dala 500 ba, kuma a jikin kwalinta an nuna cewa ƙirar soja ce. An daɗe ana musu a can kan tambaya ɗaya: wannan ragi daga ina ya fito, kuma me aka rage a jikin bindigar kafin a same shi?

Musun nasu ne, kasuwar ma tasu ce. Amma sunayen suna iso mu. Muna jin Beretta ko Makarov idan 'yan sanda suka baje kolin abin da suka kama, matasanmu kuma suna kallon bidiyoyin harbi a YouTube inda ake yabon wata bindiga cewa ga araha ga inganci. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kalmar "soja" a bakin mai talla ba shaidar inganci ba ce. Wani lokaci gaskiya ce tsantsa, wani lokaci rabin gaskiya, wani lokaci kuwa fenti ne kawai.

Masu gaskiyar su ne gwanjon ma'ajiyar sojoji. Lokacin da katangar Balin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje a 1991, ƙasashen gabashin Turai sun wayi gari da rumbuna cike da makaman da aka tara don yaƙin da bai zo ba. Suna neman kuɗin waje, da yawansu kuma suna shirin komawa ga irin makaman ƙungiyar NATO. Sai dillalan Amurka suka riƙa saye a sari, akwati akwati, bindigogin suna lulluɓe da man ajiya mai kauri kamar kakide. Araharsu ba ta da alaƙa da rashin kyau. Gwamnatocin da suka ƙera su sun riga sun biya kuɗin ƙarfe da na ma'aikata shekaru da dama da suka wuce, duk abin da aka samu a kansu riba ne.

Fitacciya a cikinsu ita ce Makarov, wadda Nikolai Makarov ya tsara, rundunar Sobiyet ta karɓe ta a 1951. An ƙera ta a Rasha, da Jamus ta Gabas, da Bulgeriya, da Sin. Harsashi takwas take ɗauka. Sassanta kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan shi ne sirrinta, domin abin da ba shi da tarkace da yawa ba shi da wurin lalacewa da yawa. Tana da nauyi a hannu, kunamarta tana da tauri a harbin farko, abin saitinta ƙanƙane ne da ke wahalar da ido. Amma a kan batun cewa za ta tashi idan an ja, da wuya ka sami mai kushe ta. A shekarun 1990 ana samunta a Amurka ƙasa da dala 200. Wanda ya saya a lokacin ya tsinci dami a kala.

Yayarta Tokarev labarinta daban ne, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Fedor Tokarev ya tsara ta a 1930, aka gyara ta a 1933, ya kuma ari dabaru da yawa daga aikin Ba'amurke John Browning. Da ita jami'an Sobiyet suka yi yaƙin duniya na biyu. Daga baya Sin, da Polan, da Romaniya, da Hungari, da Yugoslabiya duk suka yi tasu. Siririya ce, ƙarfenta mai ƙwari, harsashinta mai gudu. Sai dai ta asalin ba ta da makullin da ake murɗawa don hana ta tashi. Kariyarta kawai ita ce wani ɗan tsani da gudumar bindigar ke tsayawa a kai idan an ja ta rabi. Idan tsanin nan ya cinye saboda tsufa, bindigar ta faɗi ƙasa da harsashi a ciki, tana iya tashi. Sojan da aka horar, aka kuma ba shi umarnin yadda zai ɗauke ta, ya san da wannan. Magidancin da ya saya don araha ya jefa a aljihun tebur, a gidan da yara ke wasa, bai sani ba. Ka ga ke nan bindiga tana iya zama ta soja ta haƙiƙa, ta yi yaƙi ta ci, amma ba ta dace da gida ba.

Tokarev ɗin da ke shiga Amurka akasari da makulli suke shiga, amma ba na asali ba. Masu shigowa da su ne ke sa a huda jikinsu a maƙala wani, don cika sharaɗin doka. Wasu makullan an yi su da kyau, wasu kuwa aikin gaggawa ne, suna sassautawa ko su motsa da kansu. Makullin da mutum ya dogara da shi alhali ba ya riƙewa ya fi rashin makulli haɗari.

Dokar da ta jawo haka tana da tarihi. Bindigar da aka kashe Shugaba John Kennedy da ita a 1963 tsohuwar bindigar sojan Italiya ce, doguwa, wadda aka yi odarta ta gidan waya a kan kusan dala 20. Bayan an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisar Amurka ta yi dokar taƙaita bindigogi a wannan shekarar. Dokar ta hana shigo da gwanjon makaman soja, ta kuma ce duk ƙaramar bindigar da za a shigo da ita sai ta dace da wasannin harbi. Hukuma ta fito da tsarin maki: ana duba tsawo, da nauyi, da girman harsashi, da makulli, da irin abin saiti, kuma sai bindiga ta tara maki 75 kafin ta wuce. Shi ya sa Makarov ɗin da Rasha ta riƙa aikawa don kasuwa aka ɗora musu abin saiti mai juyawa wanda babu shi a na soja. A 1984 aka sassauta, aka yarda a shigo da tsoffin makaman soja da ake ɗauka a matsayin kayan tarihi, kuma wannan ƙofar ce gwanjon gabashin Turai ya bi ya kwararo. Wani abin lura a nan, sharaɗin makin nan bai hau kan bindigogin da ake ƙerawa a cikin gida ba. Don haka bayan 1968 wasu ƙananan kamfanoni a kudancin Kalifoniya suka cike giɓin da bindigogi masu arahar gaske, na ƙarfe mai laushi. A wancan zamanin, da yawa daga cikin mafi muni a kasuwar Amurka 'yan gida ne, ba baƙi ba.

Gwanjo dai gwanjo ne, duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san zancen. Daga akwati ɗaya za a fito da wadda ba a taɓa harbawa ba, da wadda ta shekara talatin a ƙugun ɗan sanda. Sifirin yana gajiya. Cikin bututu yana iya zama ya ci tsatsa, domin tsoffin harsasan soja na ƙasashen gabas suna barin wani gishiri mai jan laima bayan harbi, idan ba a wanke ba ƙarfen ya riƙa cinyewa. Babu garanti, babu kamfanin da za ka kai wa kuka, ma'aikatar da ta ƙera wata ma ƙasarta ta daina wanzuwa. Sannan ga batun harsashi. Na Makarov ana kiransa milimita tara, amma ba shi ne milimita taran da aka saba da shi a ƙasashen yamma ba, ya fi shi gajarta, ya ɗan fi shi kauri, ba sa musanya. Na Tokarev ma nasa daban ne. Bindigar da aka saya da araha amma abincinta ke wuyar samu, tsadarta tana gaba.

Siyasa ma tana da hannu. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta rufe ƙofa ga ƙananan bindigogi da yawancin dogayen da ke zuwa daga Sin. A 1996 aka ƙulla yarjejeniya da Rasha wadda ta taƙaita nau'o'in da za ta iya aikawa. A 2021 aka daina ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, waɗanda su ne masu araha a kasuwar. Duk lokacin da aka rufe wata ƙofa, abin da ya riga ya shiga sai ya yi tsada. Rumbunan ma sun ja baya, tunda ba a sake ƙera Makarov ta Jamus ta Gabas. Abin da jiya ake saya don talauci, yau masu tara kayan tarihi ne ke rububinsa.

Kasuwar da ta fi girma a yanzu ita ce ta sababbin da aka kwaikwayi tsohuwar ƙirar soja, kuma sarauniyar abin kwaikwayo ita ce wadda ake kira 1911. John Browning ne ya tsara ta, sojojin Amurka suka karɓe ta a shekarar da ta ba ta suna, ta kuma zauna a matsayin babbar bindigar hannunsu har 1985, lokacin da Beretta ta Italiya ta gaje ta. A yaƙin duniya na biyu buƙata ta yi yawa har aka raba kwangilarta ga kamfanonin da ba su taɓa yin bindiga ba. Remington Rand, masu keken rubutu, su suka fi kowa ƙerawa. Kamfanin Singer, na keken ɗinkin nan da iyayenmu mata da telolinmu suka sani, ya yi guda 500. Wannan tarihi yana koya mana abu muhimmi: ƙirar ba sirrin wani gida ba ce. Duk ma'aikatar da ke da injina masu kyau, da ƙarfe mai kyau, da masu awo masu tsanani, za ta iya fitar da ita daidai. Haƙƙin mallakar zanen ya daɗe da ƙarewa, don haka mai kwaikwayo ba ya biyan ko sisi na bincike da gwaji. Kashi na farko na arahar ke nan, kuma halal ne.

Kashi na biyu shi ne kuɗin aiki da darajar kuɗin ƙasa. Kamfanin Armscor da ke Marikina a Filifins yana sayar da nasa da sunan Rock Island Armory. A Turkiyya akwai Tisas a Trabzon, da Girsan a Giresun, da Canik a Samsun, dukkansu a gaɓar Baƙin Teku. Yankin ya yi suna tun da daɗewa da maƙeran ƙauye masu ƙera bindiga a ɓoye, sai a shekarun 1990 gwamnatin Turkiyya ta tallafa aka kafa ma'aikatu masu rajista don a jawo sana'ar zuwa fili. Yau injina masu aiki da kwamfuta ne ke yanka ƙarfen, irin waɗanda ake amfani da su a Jamus ko Amurka. Ga kuma faɗuwar lira: a farkon 2018 dala ɗaya ba ta kai lira huɗu ba, a farkon 2024 ta haura talatin. Mai biyan albashi da lira yana karɓar ciniki da dala zai iya karya farashi ba tare da ya taɓa ƙarfen ba.

Kashi na uku shi ne wanda mai saye ba ya gani, kuma a nan ake rabuwa tsakanin araha mai kyau da araha mai cutarwa. Akwai ragin da ba ya komai: fenti mara sheƙi, sawun injin da ba a goge ba a ciki, mariƙin roba a maimakon katako mai ado, kwali a maimakon akwati. Kwaikwayon 1911 da kamfanin Norinco na Sin ya riƙa aikawa kafin a rufe ƙofa kaushi gare shi a ido, amma masu gyaran bindiga sun yaba ƙwarin ƙarfensa, har suna saye su gina mai tsada a kansa. Akwai kuma ragin da ke taɓa rai. Gangar jikin bindiga ana iya buga ta daga dunƙulen ƙarfe, ana iya narka ƙarfe a zuba a mazubi. Ƙananan sassa ana iya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ana iya cura su daga garin ƙarfe a gasa. Kowace hanya tana fitar da abu mai kyau idan an yi ta yadda ya kamata, manyan kamfanoni ma suna bin masu sauƙin. Inda gizo ke saƙar shi ne gashin ƙarfe da awo. Duk maƙerin da ya taɓa yin wuƙa ya san cewa idan wuta ta yi kaɗan bakin zai lanƙwashe, idan ta yi yawa zai ɓalle. Ɗan ƙarfen da ke riƙe gudumar bindiga bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Idan ya yi laushi ya cinye, ko aka yanka shi a karkace, bindiga tana iya tashi ba a taɓa ta ba, ko ta saki harsashi biyu a ja ɗaya. Ba a ganin wannan a shago, ba a ganinsa a harbi hamsin na farko. Sai an yi ɗaruruwa.

Dubawa ita ce ta fi komai cin kuɗi, domin mutum ne ke yinta da lokacinsa. Ma'aikatar da ke son rage farashi takan duba kaɗan daga cikin kowane rukuni ta saki sauran. Shi ya sa za ka ji mutum biyu sun sayi iri ɗaya, wannan yana rantsuwa cewa tasa ba ta taɓa cijewa ba, wancan ya mayar da tasa sau biyu. Duka gaskiya suke faɗa. A ganina wannan shi ne ainihin abin da mai sayen mai araha yake karɓa a madadin ragin: aikin dubawar da kamfani bai gama ba ya koma kansa.

Kada a ɗauka tsada ko babban suna sun kuɓutar da kowa. A ƙarshen shekarun 1980 murfin saman wasu Beretta na sojojin Amurka ya karye ana cikin harbi ya raunata masu harbin, sai da aka gyara ƙirar. A 2017, shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi bindigar SIG Sauer, aka nuna cewa nau'inta na kasuwa yana iya tashi idan ya faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta. Kamfanin Taurus na Brazil, wanda ya sayi ma'aikatar Beretta ta Sao Paulo a 1980 ya ci gaba da ƙera irin bindigar da araha, ya amince a 2015 da sulhu a wata shari'a da ta shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya da aka yi zargin suna tashi idan sun faɗi, ko da yake bai amsa laifi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin Amurka shi ne, hukumar da ke da ikon janye tukunyar lantarki ko gadon jariri daga kasuwa idan suna da haɗari, majalisa ta hana ta taɓa bindiga tun shekarun 1970. Janyewa sai kamfani ya ga dama, ko kotu ta matsa. A Ingila, da Jamus, da Italiya, da Beljiyam da wasu ƙasashe kuwa, doka ta wajabta a kai kowace bindiga gidan gwaji, a harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a buga mata hatimi kafin a sayar.

To, suna da daraja ko ba su da ita? Ga Ba'amurken da doka ta ba shi dama, wanda ke son zuwa filin harbi ranar hutu ko yake sha'awar tarihin makamai, amsar gaskiya ita ce da yawansu sun fi kuɗinsu. Tazarar ingancin da ke tsakanin ta dala 400 da ta dala 1,000 ba ta kai tazarar kuɗin ba, musamman a shekarun nan da injina suka daidaita aiki. Amma darajar ba a jikin ƙarfen kaɗai take ba. Tana tare da dillali mai rajista da sunansa ke buge a jikin bindigar, da garanti, da kayan gyara, da makanikin da ya san ta, da harsashi na ƙwarai, da kotun da za a je idan ta cuci wani. Bindigar soja ta gaskiya ma abin da ya sa ake yarda da ita ke nan: an gwada samfurinta da dubban harsasai, cikin laka da yashi da sanyi, kuma jami'in gwamnati yana tsaye a ma'aikata yana ƙin karɓar duk rukunin da ya gaza. Wadda aka yi don kasuwa da siffa iri ɗaya ba ta bi ta wannan siraɗi ba. Kama da wane ba ta wane.

Idan aka cire duk waɗannan aka kawo zancen gida, lissafin ya canja gaba ɗaya. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga a rukunin haramtattu, rukuni ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta, ba a mallakarta sai da lasisin shugaban ƙasa. Ba kamar bindigar farauta ba da ake nema wajen sufeto janar na 'yan sanda, ko ta gargajiya mai ɗuri ta baki da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, wadda ta fara aiki a 2009, ta hana shigo da ƙananan makamai ƙasashen ƙungiyar sai da izini na musamman. Duk da haka araha tana neman hanya: a 2017 kaɗai kwastan sun kama bindigogin harbi masu ɗuri da hannu guda 2,671 a Legas, a kamu huɗu, kuma an danganta akasarinsu da Turkiyya.

Abin da ke zuwa ta ɓarauniyar hanya ba shi da hatimin gwaji, ba shi da tarihi, ba a san hannu nawa ya bi ba. Wani ma ba abin da aka ce ba ne. Maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan da na Danao a Filifins sun shahara wajen ƙera kwaikwayo da hannu, har da tambarin kamfani da lamba, daga duk ƙarfen da ya samu. Mafi muni su ne bindigogin ƙara, waɗanda aka yi don su yi sauti kawai ba su fitar da harsashi ba, ana amfani da su a fim ko wajen tayar da tsere. A ido ba ka raba su da ta soja. A 2017 an kama kimanin 25,000 irinsu, ƙirar Turkiyya, a tashar jiragen ruwa ta Kismayo a Somaliya, kuma masu bin diddigin makamai sun sha ganin waɗanda aka sauya don su yi kisa a ƙasashen Afirka da Turai. Ƙarfensu mai laushi ne, ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin harsashi na gaske ba. Suna kashe wanda aka nuna, suna kuma fashewa a tafin wanda ya riƙe.